Inuwar Giginya: Gabon da Yarjejeniyar Tsaronta da Faransa

A daren 17 ga Fabrairu 1964, sojoji kimanin 150 ƙarƙashin wasu ƙananan hafsoshi suka shiga fadar shugaban ƙasar Gabon a Libreville, suka taso Shugaba Léon Mba daga barci, suka tasa ƙeyarsa. Jini bai zuba ba. Suka sa shi ya faɗa a rediyo da bakinsa cewa ya sauka, sannan suka ɗauke shi suka nufi cikin ƙasa da shi, har ruwan sama ya tsare su a Lambaréné. Gari na wayewa suka kira babban abokin hamayyarsa, Jean-Hilaire Aubame, suka ce ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Mutanen birni ba su fito sun ce a mayar musu da Mba ba.

Gwamnatin ba ta ga kwana na uku ba. Shugaban Faransa Janar de Gaulle ya ba da umarni daga Faris, sojojin laima suka taso daga Dakar da Brazzaville, suka sauka a filin jirgin Libreville wanda masu juyin mulkin suka rufe da baki amma ba su tare hanyar saukarsa da komai ba. Da asubar 19 ga wata aka yi ba-ta-kashi a barikin Baraka. Sojan Faransa ɗaya ya mutu, 'yan Gabon kuwa sun haura goma. Aka je aka ɗauko Mba aka mayar da shi kan kujerarsa, Aubame ya tafi kurkuku. Hujjar Faransa ita ce yarjejeniyar tsaron da ƙasashen biyu suka sa wa hannu ranar 17 ga Agusta 1960, ranar da Gabon ta sami 'yancin kai. Yarjejeniyar ta ce sai gwamnatin Gabon ta nemi taimako. To wa zai nema, shugaba na tsare, mataimakinsa Paul-Marie Yembit ba ya gari? Sai daga baya aka samo shi ya sa hannu a takardar da aka mayar da kwanan watanta baya.

Duk mai son sanin amfani da illar shiga ƙawancen soja, wannan labari ya ishe shi mafari. Kalmar ƙawance tana rufe abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai na gayya, inda maƙwabta ke cewa wanda aka taɓa a cikinmu an taɓa mu duka. Irinsa ne NATO ke tinƙaho da shi a Sashe na 5 na yarjejeniyarta, ko da yake sau ɗaya tak aka taɓa aiki da sashen, bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma don kare Amurka, wadda ta fi kowa ƙarfi a cikinsu. Akwai kuma na ubangida da yaronsa, inda babba ke cewa ƙarami ya kwanta ya yi barci, shi zai tsare ƙofa. Na Gabon irin na biyun ne.

A yi wa wannan tsari adalci, ya yi rana. Gabon ƙasa ce mai mutane miliyan biyu da 'yan kai, kurmi ya rufe kusan kashi tara cikin goma na ƙasarta, ga man fetur, ga manganis a Moanda, ga yuraniyom da aka haƙa a Mounana har zuwa 1999. Dukiya mai yawa a hannun mutane kaɗan, ga sojoji 'yan dubbai, wannan kitse ne a bakin kura. Amma a dubi unguwar da take zaune. Kongo-Brazzaville ta yi yaƙin basasa a 1993 da 1997. Chadi da Afirka ta Tsakiya da Kongo-Kinshasa ba sai an faɗa ba. Gabon ba ta taɓa yin yaƙin basasa ba, kuma daga 1964 sai da aka yi shekara 59 kafin wani soja ya yi nasarar kifar da gwamnati. Daga 1975 bataliyar Faransa ta zauna a Sansanin De Gaulle, dab da filin jirgin sama, kuma duk hafsan da zuciyarsa ta raya masa wani abu sai ya tuna Baraka. Wannan kwanciyar hankali ce ta sa fataken Afirka ta Yamma, Hausawa da Yarabawa da mutanen Mali da Sanagal da Binin, suka cika kasuwar Mont-Bouët ta Libreville. Ɗan kasuwa ba ya baza haja inda ake harbi. Ga horon sojoji, ga jiragen ɗaukar kaya, ga bayanan sirri, ga sintirin teku a mashigin Gini inda 'yan fashin ruwa suka taɓa shigowa har bakin Libreville a Disamba 2019, suka kashe wani kyaftin ɗin jirgi ɗan ƙasar suka sace ma'aikata huɗu 'yan Sin. Ƙaramar ƙasa ba ta iya sayen waɗannan duka da aljihunta.

Tambayar da na fi ganin muhimmancinta ita ce: wa aka tsare? A tsawon shekarun nan babu wata ƙasa da ta kawo wa Gabon hari aka ce Faransa ta kore ta. Rigimar iyaka mafi tsanani da ta yi ita ce ta tsibirin Mbanié da Ikwatoriyal Gini, wanda sojojin Gabon suka mamaye a 1972, ita ma a Kotun Duniya ta ƙare, a Mayun 2025, kuma Gabon ce ta faɗi. Sau biyun da sojojin Faransa suka fito da ƙarfinsu a ƙasar, 'yan Gabon ne a ɗaya ɓangaren. Na farko shi ne 1964. Na biyu a Mayun 1990, lokacin da aka tsinci gawar ɗan adawa Joseph Rendjambe a wani otal a Libreville, birnin mai na Port-Gentil ya kama da wuta. Faransa ta turo dakaru da sunan kwashe 'yan ƙasarta da tsare rijiyoyin kamfanin Elf. An kwashe su ɗin, rijiyoyin sun ci gaba da aiki, Shugaba Omar Bongo kuma ya ƙara shekara 19 a kan mulki, har ya rasu a 2009 bayan shekara kusan 42, ɗansa Ali ya gaje shi. Shugaban da ya san akwai mai tare masa faɗa ba ya jin dole ya lallashi talakawansa. Wannan ita ce illar da ba a rubuta ta a takarda, kuma a ganina ta fi duk sauran nauyi.

Ubangida kuma shi ke zaɓen ranar da zai cika alkawari. Wata shida kafin abin da ya faru a Libreville, a Agustan 1963, Shugaba Fulbert Youlou na Brazzaville ya nemi irin wannan ɗauki daga de Gaulle lokacin da ma'aikata suka taso masa, aka ƙyale shi ya faɗi. Mutanen Nijar sun fi kowa sanin wannan. Diori Hamani na da yarjejeniyar tsaro da Faransa tun 1961, ga sojojinta a Yamai, amma ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya hamɓarar da shi, har aka kashe matarsa Aissa, ba su motsa ba. A lokacin Diori na matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom. Kowa ya haɗa wannan da wancan yadda ya ga dama. Abin da ba a musu a kai shi ne, yarjejeniyoyin nan sun zo tare da sharaɗin fifita Faransa wajen sayar da ma'adinai masu muhimmancin soja, irin su mai da yuraniyom. Gadi ba na banza ba ne.

Sai kuma a wayi gari an shigar da kai faɗan da ba naka ba. Ina ruwan Gabon da yaƙin basasar Najeriya? Amma a Mayun 1968 ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa, ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka huɗu da suka yi haka tare da Tanzaniya da Kodebuwa da Zambiya, kuma filin jirgin Libreville ya zama zangon da makaman Faransa ke tashi da daddare zuwa Uli a Biyafara. Jiragen agaji ma ta nan suka bi, kuma an kwaso dubban yara masu yunwa aka yi jinyarsu a Gabon, wannan ba a manta musu shi. A Janairun 1977 kuma, jirgin sojojin hayar Bob Denard da ya kai hari Kwatano ta Binin daga Franceville ta Gabon ya tashi. Cacar bakin da ta biyo baya tsakanin Bongo da Shugaba Mathieu Kérékou na Binin a kan talaka ta ƙare: a 1978 aka kori dubban 'yan Binin daga Gabon, masu shago da leburori da malaman makaranta da ba su san hawa ba balle sauka.

Najeriya ta bi wata hanyar. Ita ma da yarjejeniyar tsaro da Birtaniya ta shiga 'yancin kai a 1960, wadda daftarinta na farko har ya yi zancen ba Ingila fili a Kano. Ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas, 'yan adawa suka ɗaga murya, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. Shekara huɗu bayan haka aka kashe Ɓalewa a juyin mulki, babu bataliyar kowa da ta sauko. Mai son ƙawance zai ce ka gani ko. Amma da yaƙi ya ɓarke a 1967 Birtaniya ta ƙi sayar da jiragen yaƙi, Najeriya ta juya ta sayo na Tarayyar Sobiyet ba tare da neman iznin kowa ba. Wanda bai shiga inuwar wani ba yana shan rana, amma yana tafiya inda ya so.

Yau zancen ya dawo ƙofar gidanmu. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, kasuwannin Jibiya da Maraɗi da Illela da Ƙonni suka ji a jikinsu. Ranar 16 ga Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, kan cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ukun. A siffa na gayya ne, kuma ko ba komai ya sa mai niyyar kawo yaƙi ya sake lissafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai tambayar Libreville na nan a kansa: ƙauyukan Tillabéri yake tsarewa, ko kujerun waɗanda suka sa hannu? Yarjejeniyar ta haɗa har da taimakon juna kan tawaye a cikin gida, kuma shugabannin uku duk da bindiga suka hau. Duk wanda aka kawo wa takardar ƙawance, daga Faris ko Mosko ko Bamako, ya kamata ya nemi sanin wane ne abokin gaban da aka ambata, wa ke yanke hukuncin cewa lokaci ya yi, me aka jingina, majalisa ta ga dukan shafukan ko akwai na ɓoye, kuma ta wace ƙofa ake fita.

A Gabon, an sake rubuta yarjejeniyar a Fabrairun 2010 lokacin da Shugaban Faransa Nicolas Sarkozy ya ziyarci Libreville, aka cire zancen shiga rikicin cikin gida, daga baya aka rage sojojin zuwa 'yan ɗaruruwa. Da asubar 30 ga Agusta 2023, mintuna kaɗan bayan an ce Ali Bongo ya ci zaɓe karo na uku, dogaran fadarsa ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema suka karɓe mulki. Aka ga hoton bidiyonsa yana zaune a kujera a gidan da aka tsare shi, yana roƙon abokansa na duniya, cikin Turancin Ingilishi, da su yi ta hayaniya. Sojojin Faransa na cikin birnin, ba su fito daga bariki ba. A tituna kuwa mutane na rungumar sojojin Gabon.

Oligui bai kori Faransa ba, kamar yadda Mali da Burkina Faso da Nijar suka yi, Chadi da Sanagal kuma suka biyo baya a 2025. Ya zaɓi a sauya wa zaman fuska. Sansanin De Gaulle yanzu ƙasashen biyu ke tafiyar da shi tare, an mayar da shi wurin horo, da makarantar koyon aikin gudanarwar soja da ke karɓar hafsoshi daga ƙasashen Afirka, da kwasa-kwasan yaƙin kurmi da na farautar masu satar katako da hauren giwa. Nan na cikin 'yan wuraren da Faransa ke da sauran zama irin wannan a nahiyar, a gefen filin jirgin da har yau ke ɗauke da sunan Léon Mba.