Direba Nagari Ba A Tasha Ake Tsintarsa Ba

Duk mai tirela biyu ko uku da ka zanta da shi a Kano, kukansa ɗaya ne: direbobi sun lalace. Wannan ya zuƙe man mota ya sayar a Tafa, wancan ya gudu da kuɗin lodi. To amma laifin nasu ne su kaɗai?

Shi direba rainonsa ake yi. Yaro kan shekara da shekaru yana bin mota, yana ɗaure tamfol, yana kwana ƙarƙashinta. Wane suna muka raɗa masa? Karen mota! Wanda aka raina tun yana ƙarami, ta yaya za a nemi amana wurinsa ranar da ya riƙe sitiyari?

Lasisi shaidar iya tuƙi ne kurum, ba ya auna hali. Mutumin da za a danƙa wa hatsin miliyoyin naira daga Dawanau zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya cancanci albashi kan lokaci, da isasshen kuɗin hanya, da hutu, da kulawa idan iyalinsa ba lafiya.

Maigidan da ya tauye waɗannan, da hannunsa ya koya wa direbansa sata. Allah ya sa mu gane.