Hattara da Jinin da ke Kan Aska

Ya kai ɗan kasuwa, ko a Jibiya kake ko a Maraɗi, askar wanzami da rezar mai yankan farce kan iya ɗauko ƙanjamau da ciwon hanta daga jikin wani zuwa naka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan rayu kwana 7 cikin busasshen jini, kuma shafe aska da tsumma ba ya kashe ta.

Don haka ka sa a buɗe sabuwar reza a gabanka. In ƙarfe mai jinin wani ya yanke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka garzaya asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Nau'in B yana da allurar rigakafi, sai ka kai iyalinka a yi musu.