Makaranta a Kan Teburin Cin Abinci

A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina. Na sayo ɗan allo da kwalin alli, na jingina a bangon tsakar gida, na ce wa yarana uku daga gobe ni ne malaminsu. Ranar farko lafiya lau. A rana ta huɗu, ina fama da babbar a kan lissafin rabawa, na tsakiya ya sulale ya bi tantabarun maƙwabta, autan kuwa ya tauna rabin allin. Ba a yi kwana goma ba uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, yau ba makaranta ne?" Na ce an ba da hutu. Har yau ba a dawo daga hutun nan ba.

Tun daga nan nake jinjina wa iyalan da suka mai da wannan aiki rayuwarsu, shekara da shekaru, da gangan ba don annoba ba. Inda abin ya fi kafuwa shi ne Amurka. A 1999 hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta ƙiyasta yara 850,000 ne ke karatu a gida. Zuwa 2016 sun kai kusan miliyan 1.7. Da korona ta zo, hukumar ƙidaya ta gano cewa gidajen da ke koyar da 'ya'yansu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa 11.1 a cikin 'yan watanni. A gidajen baƙar fata ma tsallen ya fi haka, daga 3.3 zuwa 16.1.

Abin mamaki, mutanen da ra'ayinsu ya sha bamban ne suka reni wannan tafiya. A gefe ɗaya akwai John Holt, malamin firamare da ya gaji da ganin yadda tsoron kuskure ke dasashe kaifin yara a aji. A 1977 ya fara buga wata 'yar mujalla don iyayen da suka cire 'ya'yansu daga makaranta, yana cewa a bar yaro ya bi abin da ke ba shi sha'awa. A ɗaya gefen akwai Raymond Moore da matarsa Dorothy, Kiristoci masu riƙo da addini, waɗanda ke ganin ana gaggawar raba yaro da uwarsa. Littafinsu na 1975 ya samu karɓuwa a wurin masu tsoron makarantar gwamnati za ta ɓata musu tarbiyya. Kafin nan, a 1972, kotun ƙoli ta yarda 'yan ɗariƙar Amish su tsayar da karatun 'ya'yansu a aji takwas. Duk da haka an yi ta gurfanar da iyaye a kotu cikin shekarun 1980, sai a 1993 abin ya halatta a dukkan jihohi 50.

To, yaya wunin irin wannan gida yake? Mu ɗauka gida ne mai yara uku, ɗan shekara 12, 'yar 9, da ɗan 5. Ba ƙararrawa, ba kayan makaranta, ba tseren kama mota. Bayan karin kumallo ana kwashe kwanuka, a goge tebur, teburin nan ya zama aji. Uwa takan fara da abin da zai haɗa kowa, ta buɗe littafin tarihi ko na labari ta karanta da ƙarfi, ƙaramin yana ƙasa yana gina gida da 'yan katakai, kunnensa na wurin. In ta kai ƙarshen shafi sai ta rufe ta ce wa ta tsakiya, "To, faɗa mini abin da kika ji." Yarinyar ta maido labarin da bakinta. Wannan dabara ta Charlotte Mason ce, wata malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda ta ce darasin ƙaramin yaro kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Duk wanda ya taɓa biya wa malaminsa karatu a zaure zai gane hikimar: abin da ka iya maimaitawa da bakinka, shi ne ya zauna.

Daga nan sai a rabu. Babban ya ɗauki littafin lissafi ya koma lungu, ko ya kunna darasin Khan Academy a kwamfuta. Uwa ta zauna da ƙaramin suna haɗa baƙaƙe, tana yi tana miƙa wuya ta duba rubutun ta tsakiya, tukunya na kan wuta, injin wanki na juyawa. Kafin azahar yawanci an gama karatun littafi. Mutane kan yi mamakin gajartar lokacin, amma a tuna nawa ne ke tafiya a aji wajen kiran suna, da tsawatarwa, da jiran na baya su kamo. Mai koyar da yaro ɗaya yana ganin inda ya tsaya tun kafin ya buɗe baki.

Sauran wunin shi ne abin da masu wannan tsari suka fi alfahari da shi. Za a gasa burodi, sai a ce yarinya ta ninka awon gari, rabin kofi da kwata sau biyu nawa ke nan? Lissafin ɓangare ya shiga ba tare da ta san an yi mata darasi ba. A je laburaren unguwa a dawo da buhun littattafai kyauta. Wannan laburare, a ganina, shi ne rabin sirrin abin, kuma shi ne abin da mai son kwaikwayo daga nesa yakan manta. Sau ɗaya a mako iyalai kan haɗu a zauren coci ko wani ɗakin taro, uwar da ta karanci kimiyya ta koya wa yaran kowa gwaje-gwaje, wata ta ɗauki zane, wata harshen waje. Nan ne amsarsu ga tambayar da ta ishe su, wato yaron da ba ya zuwa makaranta a ina zai koyi zama da mutane. Jihar Fulorida ma tun 1996 ta ba irin waɗannan yara damar buga wasa a ƙungiyoyin makarantun gwamnati.

Na yi ta cewa "uwa", kuma ba kuskure ba ne. A mafi yawan gidajen ita ce malama, ita ce shugabar makaranta, ita ce mai dafa abinci. Sau da yawa ta ajiye aikinta ne, gida ya koma dogaro da albashi ɗaya, ga kuɗin littattafai daga aljihu. Ba ta da abokiyar aikin da za ta kai wa ƙorafi, kuma ranar da yaro ya ƙi karatu ba ta da wanda za ta tura shi wurinsa. In ya kai sakandare, ilimin sinadarai da lissafi mai zurfi suka fi ƙarfinta, dole a nemi malami ko a sa shi wasu darussa a kwalejin gari.

Akwai kuma inda abin ke da duhu. Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Niyok sai iyaye sun miƙa tsarin karatun shekara, su kai rahoto sau huɗu, a auna yaro a ƙarshe. A Tekzas ko sanar da hukuma ba dole ba ne. Inda ba mai leƙowa, yaron da iyayensa suka yi sakaci ko suke cutar da shi ba shi da malamin da zai lura. A Janairun 2018 aka ceto 'ya'ya 13 na gida ɗaya a Kalifoniya, cikin yunwa, wasu a ɗaure, alhali gidan na da rajista a matsayin makaranta. Irin wannan tsoro, da kuma son yara su cuɗanya da waɗanda ba irinsu ba, ya sa Jamus ta hana karatun gida, Faransa kuma tun 2022 sai da izini.

Mu ma karatu a gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u a gidan mahaifinta ta yi karatu, kuma ta hannun jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, ilimi ya riƙa isa ga mata a cikin gidajensu. Amma kada wani ya ji labarin Amurka ya samu hujjar ajiye 'yarsa tana talla ya ce ai Turawa ma a gida suke karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya sa yaro firamare da ƙaramar sakandare. Kuma zaman yaro a gida daban, koyar da shi a gida daban. Na biyun yana bukatar babba guda da zai sadaukar da safiyarsa kullum, shekara goma sha biyu, da littattafai a hannu, da wani daga waje da zai zo ya gwada ko karatun na shiga.

Ni dai da aka buɗe makarantu a ƙarshen shekarar, da kaina na kai yaran har bakin aji, na gaida malamarsu gaisuwar da ban taɓa yi mata ba. Allon yana nan a jingine inda na bar shi. Uwargida ce ke rubuta sunayen masu cin bashin zoɓo a kai.