Murgu, Ushira da Muhuti: Kalmomin Kotu da Suka Kwanta Dama

Duk wanda ya shiga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon a Kaduna, ko Gidan Arewa da ke Titin Rabah, ya buɗe takardun shari'a na zamanin En'e, zai tarar da kalmomin da lauyan yau bai san su ba. Murgu kuɗi ne da bawa ke biyan ubangidansa domin ya bar shi ya yi neman kansa. Fansa kuwa sayen 'yanci ne ɗungum, a gaban alƙali, a ba mutum takardar shaida. Ushira kashi ɗaya ne cikin goma da ake cirewa idan alƙali ya raba gado, muhuti kuma malamin da ke zaune kusa da alƙali yana taya shi duba hukunci. A wancan zamani ita kanta kotun ba ta zama sai da waranti daga Razdan, wanda ke fayyace darajarta. Mai daraja ta ɗaya har hukuncin kisa take yankewa.

Kalmomin nan dokoki ne suka kashe su. Dokar 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar, a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya, murgu ya rasa mazauni. A 1960 kundin Final Kod ya fara aiki, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. A 1968 kotunan yanki suka maye gurbin na En'e.

Wani zai ce kalmomin nan ragowar bauta ne da mulkin mallaka, a bar kaza cikin gashinta. Amma rigimar gona da ta gado sukan koma kan tsohon hukunci, kuma wanda ya ɗauki murgu a matsayin fansa zai 'yanta a takarda mutumin da ya mutu bawa. Rashin sanin kalmar ba ya goge abin da ya faru, mai karatu kawai yake makantarwa. Ya kamata makarantun koyon shari'a su tattara waɗannan kalmomi cikin ƙamus tun dattawan da suka yi aiki a kotunan alƙalai suna raye.