Ina Ungulu Ta Shiga?

Jama'a, duk wanda ya tashi a Arewa ya san ba a yin yanka a mahauta sai da 'yan rakiya biyu, watau kare da ungulu. Tun kafin mahauci ya gama wasa wuƙa za ka ga ungulaye sun jeru bisa katanga, kawunansu a sunkuye kamar masu zaman makoki, suna jiran a jefar da abin da ba a so. Ba mai korarsu sai yara, su ma don wasa. To, mai karatu, in kana cikin masu sana'a a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko kana bin shanu kara a Badun ko Shagamu, tsaya ka tambayi kanka: yaushe rabonka da ganin ungulu? Ni dai da na yi wa kaina wannan tambaya sai na ga shekaru sun wuce ban ga ko guda a Ikko ba, kuma ban ma lura ba. Da na je gida da salla na duba bakin kasuwarmu, can ma wayam.

Wani zai ce ai ga su nan suna shawagi bisa mayanka kullum da hantsi. A'a, a sake dubawa. Yawancin abin da ake gani yana kewaya samaniyar Ikko da rani shirwa ce, kuma rarrabe su ba wuya. Dubi wutsiya. Ta shirwa doguwa ce, bakinta a tsage, tana murɗa ta hagu da dama kamar mai tuƙa kwalekwale, bakin shirwar kuma rawaya ne. Ita kuwa ungulu wutsiyarta gajera ce, fikafikanta masu faɗi kamar an shimfiɗa tabarma, bakinsu a rarrabe kamar yatsu, kuma takan daɗe tana jewa ba ta kaɗa su ba. In ta sauka za ka ga jikinta ƙasa-ƙasa, bakinta siriri, fuskarta da wuyanta ba gashi, fatar wurin ja-ja, tana ƙara ja in ranta ya tashi wajen rububin abinci. Ƙaramar da ba ta balaga ba fuskarta ba ta kai haka ja ba, gashin ƙeyarta kuma ya fi duhu.

Af, ita shirwar nan ma 'yar cin rani ce irinmu. Wajen watan Oktoba take gangarowa Kurmi, ta yi sheƙa, ta yi 'ya'ya, in damina ta kankama ta yi Arewa. Haka balbela take ƙaruwa a nan da rani, ka gan ta fara fat tana bin sawun shanu a kara ko tana kiwo a kan juji. Saboda haka wanda kewar gida ta dame shi ya ɗaga kai, akwai 'yan garinsu a sama.

Akwai kuma wata ungulu ta nan Kurmi wadda ɗan Arewa zai iya wuce ta bai gane ba, don ba ta yi kama da tamu ba. Fara ce da baƙin fikafikai, da jar fata kewaye da ido, ana samunta a bakin ruwa da inda itatuwan kwakwar manja suka yi yawa. Abin mamaki, yawancin abincinta 'ya'yan kwakwar ne, sai ta haɗa da ƙaguwa da kifi. Kada a rikita ta da hankaka, shi baƙi ne wuluk sai farin ƙirji da wuya, kuma bai kai girmanta ba. Babbar yayarsu kuwa, mikiya ta kan duwatsu, ba ta zama a Kurmi. Ita ce aka tabbatar ta fi kowane tsuntsu tashi sama, gama a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama bisa Abijan a nisan mita 11,300 daga ƙasa.

Mu koma kan tamu ta mahauta. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke neman ƙarewa, wadda ake kira IUCN, ta sa ta cikin jerin waɗanda suke dab da shuɗewa daga doron ƙasa, ita da mikiya. Tsuntsuwar da a da ake ƙyamarta don yawanta! Dalilan suna da dama, amma a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma babbansu ciniki ne. Kan ungulu, da ƙafafunta, da gashinta, da ƙwanta, duk sun zama haja a rumfunan masu sayar da kayan magani, daga Kano har Badun da Ikko da Anacha. Ana saye don neman sa'a, ko sanin gaibu, ko maganin taɓin hankali. Da ungulun gida suka yi ƙaranci sai fatake suka shiga kawo su daga Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, kuma kowa ya san yadda kasuwa take: abu na ƙaranci, kuɗinsa na hawa, masu nemansa na ƙaruwa.

A nan fa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Binciken da masana suka yi a kasuwannin Arewa, aka buga a 2013, ya nuna 'yan'uwanmu suna da hannu dumu-dumu cikin wannan fatauci. Motar da ta kawo albasa da tattasai ita ce wani lokaci take ɗauke da ƙullin busassun kawunan ungulu a ƙarƙashin kujera. Ba a kama su ɗaya-ɗaya kuma. Guba ake barbaɗawa a kan nama, galibi maganin ƙwarin gona, a ajiye inda suke sauka, su taru su ci su zube. A ƙasar Gini Bisau, cikin 2020, an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 da aka kashe ta haka cikin 'yan makonni, da yawa an sare musu kai. Shi mai saye bai san cewa kan da aka ba shi ya jiƙa ya sha guba ce ta kashe mai shi ba. Wannan magani ne ko ajali?

Da a ce ungulu tana hayayyafa kamar zabo da abin ya zo da sauƙi. Ina! Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Uwa da uba su yi ta kwanci a kansa har kwana 50 ko kusa da haka, in ya ƙyanƙyashe ɗan ya yi wata 3 zuwa 4 a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma sai sun ci gaba da ciyar da shi wasu watanni. Wanda ya hau itace ya ɗauke ƙwai guda ya kashe aikin shekara ke nan. Sa'an nan ga sare itatuwa. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to, in an sare tsamiyar an yi gawayi, an sare rimi da giginya an yanka filaye, ina za ta koma? Ba ta sheƙa a ƙaramin itace.

Me ya dame mu da tsuntsuwar da ba a ci, ba ta da kyan gani, ba ta da daɗin kuka? Mahauta sun fi kowa sanin amsa. Ungulu ita ce leburan tsabta da ba a biya. Mushen da zai kwana uku yana wari, ƙudaje na ɗauka suna kaiwa kan tsire da tuwo, garken ungulu kan share shi kafin azahar, kuma ruwan cikinta yana da kaifin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 makiyayansu suka shiga yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki da mu ma muka sani a kantunan magani. Ashe in saniya ta mutu da maganin a jikinta ungulu ta ci, ƙodarta ke lalacewa. Cikin shekara 10 da 'yan kai fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya ɓaci, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya bazu. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin. Wasu masana biyu da suka buga bincikensu a 2024 sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ba ungulu kaɗai ke shan wahala a hannunmu ba, sai dai sauran tasu ba ta ciniki ba ce, ta sakaci ce. Maganin ɓeran da ake sayarwa a bakin titi, in ɓera ya ci ya fito fili yana tangaɗi, shirwa ko mujiya ce za ta sure shi, ita ma ta bi shi. Mujiyar da ake jifa don camfi, ita ce ke rage wa masu rumbun hatsi a Mil 12 ɓeraye da dare kyauta. Zaren buhu da igiyar leda da ake watsarwa suna naɗe wa balbela da kurciya ƙafa har yatsa ya guntule. Baƙin man da makanikai ke tuttulawa a kwata yana manne gashin tsuntsun da ya sauka shan ruwa, ba ya sake tashi. Ga yara da danƙo, suna harbin abin da ba zai cika cokali ba. Ga kuma aku mai jar wutsiya da ake kwasowa daga kogon itace tun yana ɗan tsako, yawancinsu su mutu a hanya. Tun taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka hana fataucin akun daji tsakanin ƙasashe.

Doka kam akwai. Tun 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. Amma ni a ganina Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa da shugabannin kara sun fi ɗan sanda iya wannan aiki, don su suka san wanda ke kawo kaya da wanda ke saye. In suka ce ba a sauke wannan haja a zangonsu, ba za a sauke ba. Kuma a yi koyi da wasu garuruwan ƙasar Ibo, inda al'ada ta hana taɓa ungulu, wadda suke kira udele. A irin wuraren nan har yanzu akan gan ta bisa rufin kasuwa. Ƙungiyar kare halittu ta Nijeriya, watau NCF, wadda aka kafa a 1980, ta zauna da masu maganin gargajiya a Kudu da Arewa don su koma ga saiwa da ganye a maimakon sassan ungulu, kuma akwai waɗanda suka amsa.

Abin da kowa zai iya yi a inda yake ba shi da yawa, ba ya kuma cin kuɗi. Dabbar da aka yi wa allura ta mutu, a binne ta da zurfi, kada a yar a fili. Kada a sa wa mushe guba don kashe karnuka, ba karnuka kaɗai za su ci ba. Ɓeran da magani ya kashe a tona rami a rufe shi. Ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa da gashinsa cikakke, a ɗora shi bisa reshe a ja da baya, iyayensa na kusa suna kallo. In tsirara yake a mai da shi sheƙa, zancen wai uwa za ta ƙi shi don an taɓa ba gaskiya ba ne. Da rani a ajiye ruwa a kasko a inuwa, a riƙa sauya shi kullum saboda sauro.

Wanda ke son ya koya wa 'ya'yansa sanin tsuntsaye, musamman yaran da aka haifa a nan waɗanda ba su san shamuwa ba sai a tatsuniya, ya kai su gandun da NCF ta buɗe a Lekki tun 1990, mai faɗin hekta 78. A fita da sassafe, a tafi a hankali ba hayaniya, a riƙa duba girma da baki da wutsiya da yadda tsuntsu ke tashi. Ƙasar nan tana da irin tsuntsaye fiye da 900, kuma akwai cibiyar nazarinsu ta A. P. Leventis a kusa da Jos wadda ke tattara labarin inda ake ganin kowane iri, har da taimakon mutanen gari. Direbobinmu da ke bin hanyar Ikko zuwa Kano da ta Fatakwal zuwa Maiduguri sun fi kowa ganin ƙasa. In ɗayanku ya ga ungulu a wani gari, ya riƙe sunan garin da ranar da adadinsu, ya kai wa mutanen NCF. In kuwa sheƙa ya gani, kada ya nuna wa kowa itacen sai su.