Waƙoƙin aiki: Yadda Amurka ta adana nata, Kano kuwa nata ke salwanta

Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa da sassafe, lokacin da ma'aikatan dare ke tashi na safe ke karɓa, ƙugin janareta da rurin injuna kaɗai zai ji. Aiki babu waƙa baƙon abu ne a tarihin Kano, domin a ƙasar Hausa tare suka taso.

Waƙoƙin aiki iri biyu ne. Akwai wadda mai aikin ke rerawa da bakinsa: waƙar niƙa a kan dutse, ta daka da lugude, da ta daɓe idan mata sun taru gyaran ɗakin amarya. Akwai kuma kiɗan sana'a, wanda makaɗi ke yi wa masu sana'ar: kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, komo na maharba, gangar noma ta 'yan gayya. Amshi ne ke daidaita saukar taɓarya da ɗagawar fartanya, ya rage jin gajiya. A cikin waƙar niƙa kuma mace ke faɗin abin da ba ta isa ta faɗa a tsakar gida ba, ta yi wa kishiya habaici, ta koka da halin miji ko uwar miji. Ga mutanen da ba su bar rubutu ba, waɗannan waƙoƙi su ne kundin tarihinsu.

Sai inji ya iso. Bompai ce ta fara karɓar masana'antu tun ƙarshen mulkin Turawa, Sharada da Challawa suka biyo baya. Injin niƙa ya kori dutse, siminti ya kori daɓe, robar da ake bugawa a Sharada ta ture ƙwarya daga madafi. Babu mai hankalin da zai nemi mata su koma durƙuso kan dutsen niƙa, amma duk aikin da ya tafi, da waƙarsa yake tafiya.

Su ma masana'antun ba su haifar da kiɗan sana'a nasu ba. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan leburorin kamfanonin Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa da yawansu daga karkara da makarantun allo suka fito. Kiɗan sana'a kuwa yana rayuwa ne da ubangida mai kyauta, irin Sarkin Fawa ko Sarkin Noma, lebura mai jiran albashi ba ya iya riƙe makaɗi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, yana cikin 'yan ƙalilan da suka ɗauki kuntigi suka waiwayi ƙaramin ma'aikaci, kamar a waƙarsa ta Karen Mota. Daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar lantarki da kwararowar atamfar waje, masaƙu da yawa sun rufe, ma'aikatansu suka watse da labaransu.

Amurka ta bi ta irin wannan hanya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da salon jagora da 'yan amshi, suka ci gaba da shi a gonakin auduga da aikin shimfiɗa titin jirgin ƙasa. Banjo ma, a wurin masana, dangin gurmi da molo ne. A 1867 aka buga littafin farko da ya tattara waƙoƙin bayi. A 1928 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya buɗe sashen adana waƙoƙin gargajiya. A 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka ɗora na'urar naɗar murya a mota suka bi gidajen yarin Kudu, saboda a can ne har lokacin ake sara da noma da hannu ana waƙa. A kurkukun Angola da ke Luwiziyana suka naɗi muryar Lead Belly. Aikin bai kuɓuta daga zargi ba, domin John Lomax ya riƙa karɓar kaso daga kuɗin wasannin mawaƙin, har sunansa ya shiga cikin masu haƙƙin wasu waƙoƙin. Duk da haka, lokacin da injin tsinkar auduga ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu, muryoyin suna ajiye.

Waƙoƙin addini ba su sha wannan wahala ba a ƙasashen biyu, saboda suna da gida. A Amurka coci ta riƙe su, kuma tun 1871 mawaƙan Jami'ar Fisk ke yawo da su duniya. A Kano, bandirin Ƙadiriyya na da gidan Shehu Nasiru Kabara da Maukibin kowace shekara, Ishiriniya na da makarantu da daren Mauludi. Waƙar niƙa ba ta da zawiya, ba ta da halifa.

An yi ƙoƙari, gaskiya. David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, kuma a 1971 shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, amma a Amurka aka buga shi, fayafayan kuma a Turai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana rubuta matanin waƙoƙin baka. Sai dai takarda ba ta riƙe murya, kaset kuma zafi da ƙura na cinye shi.

Tun 2001 Jihar Kano ke da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, wadda ke da ikon hana waƙa fita. Tana kuma da Hukumar Tarihi da Al'adu. Idan kasafin kuɗi ya zo gaban majalisar jiha, ya dace a tambayi nawa aka ware wa tacewa, nawa aka ware wa naɗa da adanawa. Matan da suka yi niƙa a kan dutse da leburorin da suka ga Bompai tana tashe yanzu tsofaffi ne, kuma wayar da ke aljihun jikokinsu ta fi na'urar Lomax naɗar murya nesa ba kusa ba.