Ƙarar Injin Iska da Kunnen Ɗan Adam

A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa dogayen turakun ƙarfe 37, kowanne da farfela a kansa, domin su mai da iska wutar lantarki mai ƙarfin megawat 10. Da yake arewacin Nijeriya ya fi yawancin kudu samun iska, ba abin mamaki ba ne wata rana a yi shawarar kafa irinsu a filayen Maiyama ko Aliero. Saboda haka ya kamata mu san abin da ƙararsu ke yi wa maƙwabtansu.

Sai mu fara da kunnen kansa. Sauti girgizar iska ce. Idan ta bugi dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wani ɓangare mai siffar katantanwa, wanda ke cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, su ne ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ta jijiya. Wanda duk ya mutu daga cikinsu ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel: hira ta yau da kullum kimanin 60 ce, kuma wanda ke yini cikin ƙara mai 85 ko fiye, shekara da shekaru, jinsa kan ragu.

To, a tazarar mita 300 zuwa 500, ƙarar injin iska kan tsaya tsakanin 35 da 45. Ke nan ba ta kurmantarwa. Yaron da ke tsaye gaban injin niƙa a kasuwar Jega, wanda sai an yi masa ihu yake ji, shi ne kunnensa ke cikin haɗari.

Amma kurumta ba ita kaɗai ce illa ba. Duk lokacin da reshen farfela ya gitta, sai a ji fuu, can kuma fuu, kamar ana sheƙe hatsi ba hutawa. Ƙwaƙwalwa na saurin sabawa da sauti mai tafiya bai ɗaya, irin na ruwan sama a kan kwano, amma mai hawa da sauka yana ta jan hankalinta. Ga shi kuwa kunne ba shi da marfi irin na ido. Ko mutum na barci, yana aiki. Da dare kuma iskar ƙasa kan kwanta, gari ya yi tsit, alhali ta sama na ci gaba da juya farfela.

A shekarar 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta bayyana sakamakon binciken gidaje 1,238 da ke kusa da injinan. Ba ta sami alaƙa tsakanin ƙarar da hawan jini ko rashin barci ba, amma ta ga cewa gwargwadon ƙarfin ƙarar, gwargwadon yawan masu cewa ta dame su ƙwarai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicinta ya wuce desibel 45. Akwai masu zargin wani sauti na ƙasa-ƙasa, mai girgiza ƙasa da 20 a daƙiƙa, wanda kunne bai cika ji ba. Sai dai a wani gwaji a Jami'ar Auckland ta New Zealand, waɗanda aka tsorata da labarinsa sun koka da rashin jin daɗi ko da ba a kunna sautin ba. Tsoro ma kan taɓa jiki.

Maganin farko shi ne nisa. Idan aka ninka tazara, ƙarar kan ragu da kimanin desibel 6. Amma a nan akwai abin lura ga masananmu. An yi waɗancan bincike ne a ƙasashen sanyi, inda mutane ke kwana a ɗaki, bayan kauri bango da tagar gilas. Mu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, a Jega da Aliero da Maiyama, tsakar gida da ƙofar gida ne makwancin jama'a. A ganina, duk tazarar da aka aro daga Turai sai an ƙara mata, kuma a yi awon da dare, a cikin bazara, a daidai inda ake shimfiɗa tabarma.